Kwanon da ke dawowa fes

Da sunan Allah nake farawa. Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar mahaifiyata, kuma sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro. Ni ba likita ba ne. Digirin lisansi gare ni a ilimin halittu, ina koyarwa a wata kwaleji a Dogon Dutsi, kuma wannan ɗan ilimin yana cikin abin da ya jawo abin da zan faɗa. Duk inda na ambaci ciwo ko magani, yadda na fahimta na rubuta. Mai karatu ya tambayi likitansa, kada ya dogara da ni. An taɓa dogara da ni.

Mu 'yan wani ƙauye ne kusa da Dumega. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu har yau ana kunyar ɗan fari da gaske. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Kakata ce ta yaye ni, ta riƙe ni. In Inna tana so in ji wata magana, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da ina tsaye a wurin: a ce wa wancan ya ja ƙofa, a ce wa wancan ruwansa ya huce. Ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba ko sau ɗaya. Na san da ƙuli-ƙulinta aka saya mini littattafai, ta hannun ƙanenta, Kawu Arzika.

Kawu Arzika dillalin shanu ne, ƙato, mai murya, mai son tsire da man shanu. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakinsu, kuma Inna ce ta goya shi bayan uwarsu ta rasu. Yana da shekara hamsin da 'yan kai, amma a wurinta har yanzu yaro ne.

Shi ya fara kwantawa, bayan girbi. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ragu, amai da safe. Muna cikin kai shi Dogon Dutsi da komowa, sai ƙanwata Rabi ta kira ni daga Tibiri ta ce in lura da fuskar Inna. Na lura. Ta cika kamar an hura ta. Aka yi musu hoton ciki su biyu, aka ce ƙodojinsu sun cika da ƙulle-ƙulle na ruwa, ciwo ne na gado, kuma ya yi nisa. Daga Dutsi aka tura mu Doso, daga Doso aka ce sai Yamai, sai wankin ƙoda.

Dangi sun ba da shawara iri-iri. Wata goggonmu ta ce yaya da ƙane ba sa kwantawa tare haka kawai, doguwa ce ta shiga gidan, a je Lugu wurin masu bori. Wani ya kawo tsimi cikin galan. Na hana, kuma har yau ina ganin hanawar daidai ce, domin likita ya ce irin waɗannan jiƙe-jiƙen suna iya ƙarasa ƙodar da ta rage. Amma tun daga ranar magana ta zama tawa. Mai takarda ya ce. Kawu ya raɗa mini suna Lokotoro, wato likita, rabi wasa rabi baƙar magana. Rabi tana cikin wankan jego, matan Kawu suna da yara da dabbobi. Na nemi izini a wurin aiki, na kwashe su biyun muka hau mota.

Sati biyun farko a Yamai layi ne kawai. Wani ɗan Dutsi mai sayar da hatsi ya ba mu ɗaki ɗaya da rumfa a gidansa, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa nuna mana gajiya ba. Injinan wanki ba su kai yawan masu jira ba. Kana zuwa da sassafe a ce ka dawo, ka dawo a ce wanda zai sa hannu ya fita. Na ga mutane sun zo da maras lafiya sun koma da tabarma kawai. Kawu ya sa aka sayar da bijimai biyu, ni na sayar da babur ɗina. A sati na uku aka saka musu roba a wuya ta haɗawa da inji, aka ba su Litinin da Alhamis, awa huɗu kowane zama.

A sati na huɗu aka yi musu analiz babba, wato gwajin jini. Likitar da ke duba su mace ce, ba ta da yawan magana, mutane sun yi mata yawa. Ta ce a rage gishiri ƙwarai, a auna ruwan sha, kuma mai wankin ƙoda yana buƙatar abinci mai gina jiki: ƙwai, nama, kifi. Ta kalli takardar Kawu ta ce kolesterol ɗinsa, wato kitsen da ke yawo cikin jini, ya hau, ta rubuta masa ƙwaya ɗaya a kullum, ta ce ya rage maiƙo. Ya rage, ta ce. Ba ta ce ya daina ba. Wannan na tuna shi sarai yanzu.

Da muka koma masauki na shimfiɗa takardun biyu a kan tabarma. Lambar Kawu ta haye iyakar da aka buga a gefe. Ta Inna tana can ƙasa. Abin da na karanta a jami'a ya dawo mini: kitse yana toshe jijiyoyin zuciya, kuma maza ya fi kamawa. Ga namiji, ga ƙiba, ga lamba a sama. Ga mace, siririya, lamba a ƙasa. Na ji kamar an sauke mini rabin kaya. Na faɗa da ƙarfi, ina kallon Kawu don Inna ta ji, cewa ita ta wajen zuciya ba ta da matsala, takardarta ta fi tasa kyau nesa, shi ne abin tsoro. Inna tana fuskantar bango. Ta ce wa Kawu a ce wa wancan an gode.

Ni nake girki, saboda gishiri. Na koya tun ina ɗalibi. Na raba kwanoni. Kwanon Inna: tuwo ko shinkafa, ƙwai biyu dafaffu da rana, tsoka biyu ko kifi da yamma. Kwanon Kawu: tuwo, miya ba mai, ba nama, ba ƙwai. Na ce a raina in likita ta ce a rage, dainawa ta fi aminci. Ban koma na tambaye ta ba. Na ji nauyin in tsayar da ita a kan abin da nake ganin na sani.

In na ajiye kwanonin sai in fita ƙofar gida in zauna ƙarƙashin dogon yaro, don Inna ta samu ta ci. Bayan rabin awa in dawo in kwashe. Kwanonta kullum fes.

Kawu ya yi masifa kwana goma. Ya ce shanunsa aka sayar ake sayen naman, kuma shi ake hanawa. Ya ce ko fursuna ana ba shi ƙashi ranar salla.

"Lokotoro, mi na yi maka? In kashe ni za ka yi, ka bari inji shi kashe ni, shi aƙalla an biya shi."

Na ce masa don zuciyarsa nake yi. Bayan kwana goma ya yi shiru. Na ɗauka haƙuri ya koya, har na yaba masa a waya wurin matansa.

Wata na biyu zafi ya shigo. Ruwan da aka yarda su sha a yini bai cika kwalba ɗaya ba, kuma ni nake aunawa. Kawu yana satar kurɓa a buta in ya je alwala. Inna ba ta taɓa yi ba. Takan jiƙa bakin gyale ta tsotsa. Ina da littafi da nake rubuta nauyinsu kafin wanki da bayan wanki. Nauyin Inna bai sauka sosai ba, don haka hankalina ya kwanta. Daga baya aka fahimtar da ni cewa ruwa yana iya cike gurbin naman da ya zube, sikeli kuwa bai san bambanci ba. Jikinta kullum a lulluɓe yake a gabana. Fuska kawai nake gani, ita ma a gefe.

A sati na goma sha ɗaya aka sake analiz. Lambar Kawu ta sauka kaɗan kawai. Ta Inna ta ƙara yin ƙasa. Likitarmu tana tafiya a satin, wani ne ya karɓi takardun, ya duba abin da ya shafi wankin, ya miƙo mini. Ban ɗora masa laifi ba, akwai mutum fiye da ashirin a bayana, kuma ban yi masa tambaya ba. Na dawo na yi murna da lambar Inna. Na cire wa Kawu har ɗan man gyaɗar da nake ɗigawa a miyarsa.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin wankin, Madam Ladi, Kirista ce 'yar Dogon Dutsi. Ta gane mu daga harshe tun ranar farko, tana kiran Inna da Inna. Ita ce take ɗaura mata abin awon jini a dantse. Wata Alhamis ta biyo ni waje, ta ce abin awon ya fara yi wa Inna yawa, sai ta nannaɗe shi sau biyu. Ta tambaye ni ko tana cin abinci. Na ce ƙwai biyu kullum, ga nama, kwano yana dawowa fes.

"Kwano na tambaye ka? Na ce kai, da idonka, ka ga ta ci?"

Na ce ni ɗan fari ne. Ta san abin da hakan ke nufi. Ta ce to in sa wani ya gani. Na ce Kawu yana wurin kullum, tare suke ci. A ranar na tambayi Kawu, ya ce tana ci mana, mi zai hana ta. Na yi tunanin in roƙi matar mai gidan ta riƙa leƙawa, sai na ga kamar zan tona wa Inna asiri a gidan mutane, ko in nuna ban yarda da kawuna ba. Na bar maganar. Ina yawan barin magana in na ga za ta ɓata wa wani rai.

Sati na goma sha huɗu, ran Lahadi bayan azahar, Kawu ya dafe ƙirji ya fara salati da ƙarfi. Abin da nake jira ke nan tun wata uku. Ban tsaya neman takalmi ba. Mai gida ya fito da motarsa, muka kai shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka riƙe shi har washegari. Aka ce ba su ga alamar bugun zuciya ba, wataƙila ciki ne, amma mun yi daidai da muka kawo shi. Na dawo ina jin kaina mai lura.

A wannan satin ne, ran Talata, Inna ta ce wa Kawu a ce wa wancan muƙamuƙinta yana ciwo, da tsakanin kafaɗu. Kawu ya isar da saƙon a taƙaice: ta ce haƙori. Na ji da kunnena ta ambaci kafaɗu, amma na bi tasa fassarar, don ta fi sauƙi. Na sayo farasetamol da kanumfari. Ran Laraba ta yi amai sau biyu, ta yi gumi tana zaune a inuwa, ta kasa tashi sallar la'asar sai a zaune. Maganar zuciya ta ɗarsu a raina, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko takardarta na sake dubawa. Lamba a ƙasa. Mace. Ba ta dafe ƙirji ba kamar Kawu. Na ce gajiya ce ta kwanan da aka yi ba wanki, gobe Alhamis inji zai gyara. Kuma na ji kunyar in sake tayar da mai gida da motarsa a karo na biyu cikin kwana huɗu, a je a ce mana ciki ne.

Ran Alhamis da safe, minti ashirin da ɗora ta a inji, jininta ya faɗi. Madam Ladi ce ta fara gani. Aka tsayar da injin, aka manna mata wayoyin da aka manna wa Kawu. Likitarmu ta dawo a lokacin. Ta daɗe tana kallon takardar da ta fito, sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun Talata, na lissafa mata muƙamuƙi, kafaɗu, amai, gumi. Ta ce me ya sa ban kawo ta ba. Na ce kolesterol ɗinta yana ƙasa, kuma mace ce.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗaga hannun rigar Inna ta nuna mini dantsenta. Rabona da ganin dantsen mahaifiyata tun ina ƙarami. Fata ce a kan ƙashi. Ta ce a wurin mai wankin ƙoda, lambar da ta yi ƙasa sosai ba kullum take zama albishir ba, sau da yawa alamar yunwa ce ko kumburin da ke cin jiki a ɓoye, kuma jikin da ya rame haka zuciyarsa ba ta jure komai. Ta faɗi kalmar da Faransanci, dénutrition, wato ƙarancin abinci a jiki, kuma kalmar ta zauna a kaina har yau. Ta ce ciwon ƙoda shi kansa yana lalata jijiyoyi, ko kitse ya hau ko bai hau ba. Ta ce ɗan kariyar da mace take da ita tana raguwa in ta daina al'ada, in kuma ƙoda ta mutu kusan ba ta da sauran amfani. Ta ce zuciyar mace takan yi kuka ta muƙamuƙi, ta baya, ta amai, ba lallai ta ƙirji ba.

"Wannan matar ta yi watanni ba ta ci abin da ya ishe ta ba. Wa yake ba ta abinci?"

Na ce ni.

Ta yi kwana biyu a kwance. Na gode wa likitar, ta yi abin da ke hannunta, kuma ta gaya mini gaskiya cewa kwana biyun da aka rasa suna da nauyi, ko da yake ba ta ce da an kawo ta Talata da ta rayu ba. Ta ce ba wanda ya san wannan. Ina riƙe da maganar, wani lokaci tana taimakona.

Ran Jumma'a da rana na dama kunu, na marmasa ƙwai a ciki, na zauna a bakin gadonta da cokali. Na ce, Inna, ki sha. Shi ne karon farko da na yi mata magana kai tsaye tun da na yi wayo. Ta kalli cokalin, ta juya fuskarta bango. Madam Ladi ta karɓi kofin ta ce in juya baya. Na juya na fuskanci taga. Na ji ƙarar cokali a kofi sau uku, daga nan ban ƙara ji ba. Ran Asabar bayan azahar ta cika. A Yamai aka binne ta, don Kawu ba zai iya rasa zaman Litinin ba.

Har lokacin ban gane inda abincin yake zuwa ba. Na zaci ciwon ne yake cinye abin da ta ci. Ran Lahadi na yi girki kamar kullum, sai dai kwano ɗaya. Na ajiye wa Kawu tuwonsa da miyarsa, na zauna, tunda yanzu ba wanda zan fita dominsa. Ya buɗe kwanon, ya juya miyar da yatsa.

"Ina ƙwan?"

Na ce wane ƙwai.

"Wanda Yaya take ba ni."

Ya faɗa ba tare da wata damuwa ba, kamar mai tambayar buta. Ya ce tun cikin kwana goman farko ta fara turo masa. Ƙwai biyun, da naman, da kifin, duka. Ita takan ci tuwon da ɗan romo, wani lokaci shi ma tuwon ta rage masa. Ta ce masa wancan ya yi karatu, ba a musa masa, amma ita ba ta iya haɗiye nama ƙanenta yana kallo. Ta ce kada ya faɗa.

Na tambaye shi, da Madam Ladi ta yi magana na zo na tambaye ka, me ya sa ka ce tana ci. Ya ce ai tana ci, tuwo ba abinci ba ne? Na ce wata uku kana cin abincin maras lafiya. Ya ajiye lomar da ya yanka, ya dube ni sosai.

"Ni ba maras lahiya ba ne? Kai ka shimhiɗa takardu gabanmu, kac ce ita lahiyarta lau, ni ne zan mutu. Da bakinka. Mu ba mu iya karatu ba, Lokotoro. Abin da ka karanta muna shi muka bi."

Ya ɗauki lomarsa ya ci gaba da ci.

Ban gaya wa Rabi ba sai bayan sadakar arba'in. A ƙauye kuwa labari ya riga ni isa, kuma ya isa a juye: ɗanta mai takarda ya hana ta nama da ruwa har ta bushe. Goggon da ta ce a je Lugu ta ƙi amsa gaisuwata. Ban gyara labarin ba. In na gyara, sai in ce Kawu ya cinye, kuma ban tabbata hakan ya fi kusa da gaskiya ba.

Ga wanda ke jinyar mai wankin ƙoda, abin da zan iya cewa kaɗan ne. Kada ka karanta takardar analiz kai kaɗai ka yanke hukunci, ko me ka karanta a makaranta. Ka tsayar da likita ko da layi zai zage ka. Kada ka ce mace ce, zuciya ba ta kama ta. In uwarka ta yi gumi da amai tana cewa muƙamuƙi, ka tayar da mai mota ko sau goma ne. In kuma kai ɗan fari ne, ka nemo wanda zai zauna ya ga lomar ta shiga bakinta, kuma kada ya zama mai jin yunwa. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya yafe mini abin da ita ba za ta taɓa faɗa ba.

Har yanzu ina Yamai. Babu wanda zai riƙe Kawu in ba ni ba, kuma da tana raye cewa za ta yi a ce wa wancan ya kula da yaron. Na gaya wa likita komai. Ta ce hana shi da na yi tun farko kuskure ne, shi ma yana buƙatar abin gina jiki, kuma mai yiwuwa abincin Inna ne ya riƙe shi a tsaye. Ta ce in riƙa ba shi ƙwai biyu a rana, da tsoka maras kitse.

Kullum da rana ina dafa ƙwai biyu, in ɓare, in sa masa a kwanonta, don shi ya fi faɗi. Ina zama a gabansa har ya gama. Yana ci da kyau.